Idan Gari Ya Rame, Rigarsa Ba Ta Ramewa

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, ɗalibai, barkanmu da war haka.

An ba ni minti kaɗan, don haka ba zan yi dogon sharhi ba. Garin da zan yi magana a kansa shi ne matsakaici: ya wuce ƙauye, bai kai babban birni ba. Yawanci irin wannan gari masana'anta ɗaya ce ta raine shi, kuma ranar da ta rufe ƙofa, ranar ciwonsa ke farawa.

Ku ɗauki Youngstown a jihar Ohio ta Amurka, garin narka ƙarfe. A 1930 mutanensa sun kai kusan 170,000. Ranar Litinin 19 ga Satumba, 1977, kamfanin Youngstown Sheet and Tube ya sanar zai rufe babbar masana'antarsa, ma'aikata wajen 5,000 suka wayi gari ba aiki. Ƙidayar 2020 ta samu mutum kusan 60,000 ne suka rage.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Mutane sun tafi, amma ba wanda ya naɗe titi ya tafi da shi. Bututun ruwa yana nan yadda yake, fitilun hanya suna nan, magudanai suna nan. Kamar mutum ne ya yi jinya ya rame, rigarsa kuwa tana nan da girmanta. Layin da a da gida ashirin ke biyan haraji a gyara shi, yanzu gida bakwai ne, tsawonsa bai ragu da taku ɗaya ba. Su wa suka tafi? Masu ƙarfi, masu takarda, matasa. Su wa suka zauna? Tsoho, mara lafiya, da wanda gidansa ya faɗi daraja har ba mai saye.

Sai hukuma ta shiga tsimi. Ku ji inda tsimi ya kai Flint a jihar Michigan, mahaifar kamfanin motoci na General Motors. Daga kusan mutum 200,000 a 1960, garin ya dawo wajen 81,000 a 2020. Bashi ya yi masa katutu, gwamnan jiha ya naɗa masa kantoma. A watan Afrilun 2014 aka daina sayen ruwa daga birnin Detroit, aka koma jan na kogin Flint saboda ya fi araha, ba a kuma zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwa ya ci tsofaffin bututun, gubar dalma ta shiga famfon gidaje. Mata suka riƙa zuwa taro da gorar ruwa ja kamar ƙasa, ana ce musu lafiya lau yake. A watan Oktoban shekarar General Motors ya daina amfani da ruwan a masana'antar injinansa, don yana sa ƙarfe tsatsa. Jama'a, ƙarfe aka fara ceta! Yara suka ci gaba da sha har Satumban 2015, lokacin da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da sakamakon gwajin jininsu. Sai a watan da ya biyo baya aka mayar da su ruwan Detroit.

Na ga malam yana girgiza kai. Wallahi haka aka yi.

Shaye-shaye da ƙwace da muke yawan ɗora wa lalacewar tarbiyya, ban ce babu ruwan tarbiyya ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Kango ɗaya a layi ya isa ya zama matattarar 'yan ƙwaya. Maƙwabci ya tsorata ya tashi, kango ya zama biyu. Makaranta ta rasa ɗalibai a haɗe ta da wata mai nisa, motar haya ta rage zuwa, aikin da ya saura yana bayan gari inda mara mota ba ya kai wa.

Youngstown dai a 2005 ta yi abin da 'yan siyasa ba sa son yi: ta rubuta a tsarinta cewa ta amince ta zama ƙaramin gari. Aka shiga rushe kangaye, aka nemi mazauna layukan da suka kwashe su koma inda akwai jama'a. Da yawa suka ƙi, kuma ni ban ga laifinsu ba. Mai shekara saba'in da ya gama biyan kuɗin gidansa, ina za ka ce ya nufa?

An miƙo mini takarda cewa lokaci ya cika. Mai tambaya ya ɗaga hannu.