Inda mai nutso da mai leƙe za su shiga ruwa tare

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, daga nan Garwa a Kamaru. Yau saƙon wani ɗan'uwa daga Marwa zan amsa. Ya ce ya koyi nutso da tukunyar iska, yana da takardar matakin farko, zai je Masar da maiɗakinsa. Ita kuwa ba ta nutso, sai dai ta kwanta a saman ruwa tana leƙen ƙasa. Wane bakin teku zai zaɓa, wanda za su shiga da ƙafa ba sai an ɗauki jirgin ruwa ba?

To, bari in nuna muku kayan mai leƙe tukuna. Kun ga wannan gilashin? Yana rufe ido da hanci. Wannan bututun kuma a baki ake sa shi, kansa na sama da ruwa, kana numfashi fuskarka na ciki. Sai takalmin iyo mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. Kayanta ke nan duka. Saboda haka, ɗan'uwa, kai ne mai iya sauka har mita 18, iyakar da takardarka ta ba ka. Ita tana nan sama. Idan za ka zaɓi wuri, da idonta za ka zaɓa.

Na faɗi haka ne don abin da na taɓa yi wa ƙanena. Na kai shi wani wuri a Bahar Maliya da nake matuƙar so, amma murjanin wurin, wato halittun nan masu launi kamar duwatsu da ke ƙasan teku, sai ka sauka mita 15 kafin ka same shi. Na yi minti 50 a ƙasa ina kallon ikon Allah. Da na fito, na tarar da yaron zaune kan dutse, bayansa ya ƙone da rana, gilashin na rataye a wuyansa. Na ce, "Ƙane, me ka gani?" Ya ce, "Yaya, shuɗin ruwa kawai, sai kumfar numfashinka." Wallahi har yau abin na damuna, domin tara kuɗin tafiyar nan ya yi wata da watanni.

Abin da za ka nema shi ne wurin da murjani ya fara tun daga mita 1 ko 2, sannan ya gangara a hankali. Hasken rana yana raguwa da zurfi, kuma jan launi ne ke fara ɓacewa, tun wajen mita 5. Ma'ana, a irin wannan wuri mai leƙe ba a bar shi a baya ba. Launin da zai gani a sama, kai da ke ƙasa sai da tocila. A Dahab, can Sina'i, akwai wurin da ake kira Lighthouse, cikin gari yake, ka sauka daga inda ake shan shayi ka shiga ruwa. Idan kuma kun yi kudu wajen Marsa Alam, ku tambayi Abu Dabbab. Lungun teku ne mai yashi, ƙasansa ciyawa, manyan kunkuran teku na kiwo a wurin. Dole su taso shan iska, to a nan mai leƙe yake ganinsu gab da fuskarsa. Wani lokaci ma akan yi sa'ar ganin ɗan'uwan ayu, irin ayun nan namu na Binuwai da tafkin Lere a Cadi, sai dai wannan na ruwan gishiri ne.

Sai maganar mashiga. Ku tsaya a nan, jama'a, don nan ne aka fi jin ciwo. Kai kana ɗauke da kaya masu nauyi a baya, ita kuma wataƙila ranar ce farkon taka ruwan teku. Mashiga mai yashi ita ce lafiya. Mai duwatsu kuwa, akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya, idan ka taka, ƙayar karyewa take a cikin tafin ƙafa. Akwai kuma kifin da ya yi kama da dutse, dafinsa mugu ne. Ku sa takalmin roba. Kafin ku jiƙa ƙafa, ku zauna minti 10 ku kalli ruwan: ina iska ta nufa, ina ruwa ke ja, ina jiragen ruwa ke wucewa. Ka tambayi masu shagon nutso na wurin, domin ɗan gari shi ya san inda ruwa ke cin mutum. Igiyar ruwan da kai ba za ka ji ba a mita 10, ita a sama tana jijjiga ta, ruwa na shiga bututu.

Wani zai ce maka ku je Blue Hole, wani rami a cikin teku kusa da Dahab, tunda duk wanda ya je Dahab sai ya ji sunansa. Ga mai leƙe, gefen ramin yana da kyau ƙwarai. Amma rami ne da zurfinsa ya kai mita 100, da wata ƙofa a wajen mita 55 da ta ci masu nutso da dama, har an kafa allunan sunayensu a jikin dutse. Sabon mai takarda kamarka, ɗan'uwa, ni dai ban ba ka shawara ba.

Abu biyu kuma, ka riƙe su da kyau. Maiɗakinka ba abokiyar nutsonka ba ce. Ka samu naka abokin a ƙasa, ita ma a samo mata wanda zai yi iyo kusa da ita, da rigar ceto a jikinta. Na biyu, ko da wasa kada ta nutso ta shaƙi iska daga tukunyarka. A mita 10 matsin ruwa ya ninka na sama. Idan ta shaƙa a ƙasa ta taso riƙe da numfashi, iskar na kumbura, huhu na iya yagewa.

Masu tambayar ko za a iya gwaji a gida, a tafkin Lagdo ko kogin Binuwai, a'a. Ruwan ba ya nuna ƙasa, ga dorina, ga tsargiya. Gara maiɗakinka ta koyi numfashi da bututu a wurin wanka na otal, inda ƙafarta ke taɓa ƙasa. Garin Kiribi ma a bakin teku yake, amma koguna na zuba wa ruwan laka, leƙen bai cika gamsarwa ba.

Sannan ka lissafa ranar dawowa. Idan ka yi nutso sau da yawa, ka ba jikinka aƙalla awa 18 kafin ka hau jirgin sama. Ranar ƙarshen nan ka ajiye tukunya, ka ɗauki bututu, ku kwanta a saman ruwa tare. Allah ya kai ku lafiya, a gaida Hajiya.