Me likita ke nema a jinin mai ciwon afendis?

Da yamma ciwo ya fara a zagayen cibiya. Kafin asuba ya gangara ƙasan ciki ta ɓangaren dama, ga tashin zuciya, abinci ma ba a son gani. A asibiti likita ya danna wurin, mara lafiya ya zabura. Sai likita ya ce a ɗebi jini. To, me yake nema a ciki?

Na farko, fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke yaƙar cuta. A jikin baligi mai lafiya yawansu kan kama daga 4,000 zuwa 11,000 a kowace mikrolita, wato ɗan mitsitsin ɗigon jini. Idan afendis, wato ɗan guntun reshen hanji da ke ƙasan ciki ta dama, ya kumbura, su ne ke fara ƙaruwa.

Sai kuma CRP, wani furotin da hanta ke sakowa idan akwai kumburi a jiki. Shi wannan yana da nawa. Sai bayan awa 6 zuwa 12 yake soma hawa, ba ya kai ƙololuwa sai wajen kwana biyu. Ku lura da nan sosai. Wanda aka kawo da wuri, sakamakonsa zai iya fitowa lafiya ƙalau alhali afendis na can yana kumbura. Shi ya sa ake kwantar da mutum, a sake ɗiban jini bayan wasu awanni. 'Yan jinya kan ɗauka jan rai ne, nan kuwa alƙiblar lambobin ake kallo, ko suna hawa ko suna sauka. In kuwa an kwana biyu ko uku ana ciwo, CRP ya yi sama ƙwarai, likita zai fara fargabar ko afendis ɗin ya fashe.

Sai dai jini ba ya kiran sunan cuta. Maleriya na ɗaga CRP, taifot ma haka, kuma taifot kan huda hanji a daidai wannan gefen na dama. Mace mai shekarun haihuwa kuwa dole a yi mata gwajin ciki, don cikin da ya zauna a bututun mahaifa yakan zo da irin wannan ciwo.

A 1986 likita Alfredo Alvarado ya fitar da wani ma'auni mai maki 10 na auna yiwuwar ciwon afendis, da ake amfani da shi har yau. Maki 3 kacal ke fitowa daga jini. Sauran 7 daga bakin mara lafiya suke zuwa, da hannun likita, da zafin jiki. Idan makin ya tsaya tsaka-tsaki, sai a tura mutum a yi masa hoton ciki kafin a yanke shawarar tiyata.