Abin da nake sakawa a firiza a nan Birmingham

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. A bidiyon yau muna kicin, kuma maganar firiza za mu yi. Na fi yin ta ne domin 'yan uwa mata da suka shigo Ingila kwanan nan, masu aikin kula da tsofaffi da masu karatu. Mace ta fita tun asuba, ta yi awa 12 a tsaye, ta dawo ƙafa a kumbure, ga yara na jiran abinci. A irin wannan lokaci ba wadda za ta tsaya gyaran attaruhu. Waya za ta ɗauka a kawo soyayyar kaza da dankali, kuɗin cefanen kwana biyu ya tafi a dare ɗaya, kuma ba a ci abin kirki ba. Wallahi abin yana damuna, domin da gumi ake samun fam ɗin nan.

Ni ba dafaffen abinci nake cika firiza da shi ba. Wahalar girkin nake daskarewa, wato duk aikin da ke cinye lokaci kafin tukunya ta hau wuta. In wannan ya kau, tuwo da miya ba sa wuce rabin awa.

Ku matso ku gani. Waɗannan jajayen ledojin kayan miya ne. Nakan je kasuwar Bull Ring ko shagunan Coventry Road a Small Heath in sayo tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da yawa, don a kwano ko a kwali sun fi araha nesa ba kusa ba a kan ƙunshin guda shida na manyan kantuna. In wanke, in markaɗa, sannan in zuba a babbar tukunya ba mai ba gishiri, in bar shi yana tafasa har ruwan ya ƙone, ya yi kauri, tsamin tumatirin ya mutu. Kada ki tsallake wannan tafasar. Ɗanyen markaɗe yawancinsa ruwa ne, ƙanƙara kawai za ki tara ta cinye miki wuri, ranar girki kuma ki sake tsayawa jiran ya tsotse. In ya huce sai in auna daidai tukunya ɗaya a kowace leda, in matse iskar, in kwantar da ita ta yi faɗi. Mai faɗi tana saurin daskarewa, tana saurin narkewa, kuma in sun yi tauri sai ki jera su a tsaye kamar littattafai a kanta. Da wannan leda ɗaya za ki yi jar miya, ki yi dafa-duka, ki yi taushe, ki yi miyar agushi. Shi ya sa ba na sa masa ɗanɗano tun farko.

Sai nama. Mahautan halal na Alum Rock sukan sassauta in kilo da yawa za ki ɗauka, kuma za su yanka miki yadda kike so. Da na shigo gida nake raba shi, ba na jefa ƙunshin gaba ɗaya. Wadda ta daskare kilo biyar a dunƙule, dole ta narkar da shi duka saboda tsoka huɗu, ragowar kuma bai kamata ya koma firiza ɗanye ba. Wani kason nakan tafasa shi da albasa da citta da tafarnuwa, in ware naman daban, romon daban. Romon nan shi ne sirrin miyar kuka a ranar aiki: ya narke a tukunya, ki sa daddawa da ɗan attaruhu, ki kaɗa kuka, an gama. Ita kukar ba ta buƙatar firiza, busasshiya ce. In a roba za ki zuba romo, ki bar ɗan fili a sama, don ruwa yana ƙara girma in ya zama ƙanƙara, zai iya ɗaga murfi ko ya fasa kwalba.

Wannan farin kuma wake ne. Duk wadda ta taɓa surfa wake ta san inda ranar ƙosai ke ƙarewa. Ina jiƙa mai yawa sau ɗaya, in cire ɓawon tas, in tsane shi, in ƙulla. Safiyar Asabar markaɗe kawai ya rage, ko ƙosai ko alale. Gasarar koko ma haka, in na tace ta kwanta sai in gutsuttsura in daskare. Da azumi ya matso, waɗannan biyun sun fi komai amfani, musamman a shekarun da azumin ya faɗo lokacin zafi, da ake kaiwa har bayan ƙarfe 9 na dare kafin a sha ruwa.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Ɗanyar kuɓewa a yanka a daskare. Alayyahu a tsoma a tafasasshen ruwa minti 2, a sa a ruwan sanyi, a matse. Doya a fere a yanka, kuma daga firiza kai tsaye cikin tukunya. Burodi a yanke yake shiga, ana zarar abin da za a ci. Kayan da Tesco ko Asda suka manna wa rawayar takardar ragi da yamma, ki ɗauka ba fargaba, matuƙar kin sa su a firiza kafin ranar ƙarshe da aka buga a jikinsu ta wuce. Latas da kokwamba da ɗanyen dankalin Turawa kuwa kada ki ɓata wurinki, lalacewa suke yi. Dafaffen ƙwai ma tauri yake yi.

Yanzu ku ba ni hankalinku, don nan ne lafiyar yara take. Firiza ta kasance a digiri 18 ƙasa da sifiri. Sanyin nan ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai yake yi, da abinci ya narke sai su ci gaba daga inda suka tsaya. Don haka a cikin firji ake narkar da nama, ba a kan teburin kicin ba, kuma in ya narke a dafa shi cikin awa 24. Shinkafa tana da hatsari sosai, domin akwai ƙwayar da ke tsira daga dahuwa, in aka bar tukunya a rufe da ɗumi sai ta saki guba wadda ɗumame ba ya kashewa. Ki baje ta a faranti mai faɗi ta huce cikin awa ɗaya, sannan ki ƙulla. Tuwon shinkafa ma wannan dokar ce. Ɗumame sau ɗaya, kuma ya yi zafi har tsakiya. Sannan ki rubuta suna da kwanan wata a kowace leda, don jar miya da farfesu duk kamarsu ɗaya in sun daskare. Ni dafaffen abu ba na bari ya wuce wata 3, ɗanɗanonsa raguwa yake yi.

Iyayenmu a gida rana suke da ita, shi ya sa suke shanya tumatir ya zama kauɗa, su busar da kuɓewa, su soye naman layya. Mu a nan watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya shiga, amma wuta ba ta ɗaukewa, to da abin da muke da shi za mu yi tanadi. Masu kallonmu daga Kano ko Maraɗi, na san matsalar wuta daban ce. Cikakkiyar firiza da ba a buɗewa tana riƙe sanyi kusan awa 48, mai rabi kuwa kusan 24. In akwai fili a ciki, ku cike shi da robobin ruwa su daskare, kuma ku hana yara buɗewa in an ɗauke wuta. Naman da ya narke har ya yi ɗumi, kada a mayar da shi.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, in sha Allahu.