Madubin Webb da Hasken da Ido Ba Ya Gani

(Daga wata lacca da aka yi wa ɗaliban kimiyya a Katsina)

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena, da ku ɗalibai, sannunku da zuwa.

Wanda ya taɓa miƙa hannu kusa da murhu bayan an sauke tuwo ya san toka kan rufe garwashi, amma zafi na dukan tafinsa. To, wannan ɗumin haske ne, ido ne dai ba ya kama shi. Masana na ce masa infirared, wani masanin taurari mai suna William Herschel ya gano shi a 1800. Domin wannan haske aka ƙera madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021. Yana can nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, ƙarƙashin laima mai hawa biyar, saboda mai farautar ɗumin da ya taso daga nesa dole shi kansa ya yi sanyi ƙalau.

Me ake nema? Kun san hazon hunturu a garin nan. Ranar da ya yi kauri, ko hasumiyar Gobarau sai ka matso kake ganinta. A can sararin samaniya ma, a cikin irin wannan ƙura ake haihuwar taurari. Hasken da muke gani ba ya ratsa ta, infirared kuwa yana wucewa.

Amma abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne wannan. Haske tafiya yake yi. Na rana ma sai ya yi minti 8 kafin ya iso mana, wato duk wanda ya hangi nesa, baya ya waiwaya. Masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya da biliyan 13.8, kuma kullum faɗaɗa yake, sai hasken tarin taurari na farko ya miƙe a hanya kamar roba, ya koma infirared. Madubin Webb, mai faɗin mita 6.5, ya hango waɗanda suka wanzu 'yan ɗaruruwan miliyoyin shekaru kacal bayan farawa. Wallahi ranar da na ga hotunan farko, a Yulin 2022, na daɗe ban ce uffan ba, sai Subhanallah.

Akwai kuma duniyoyin da ke kewaya wasu taurari. Idan ɗaya ta gifta gaban tauraronta, haske kan ratsa iskarta ya taho da shaidar abin da ke ciki. Ta haka aka gano iskar kabon dayoksaid a wata duniya mai suna WASP-39b a 2022.

Na ji ladan ya kira la'asar. Masu tambaya su riƙe, sai mun idar.