An Sa Wa Tsohuwar Mota Birkin Faifai Amma Ba Ya Ci

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Yau maganar tsohuwar mota za mu yi, irin ta shekarun 1960, wadda aka cire wa birkin diram na gaba aka sa mata faifai da kalifa, wato abin da ke matse faifan, sai ga mai ita ya dawo yana cewa, "Oga, ai gara na da." Abubuwa biyar zan kawo, in lokaci ya bar mu.

Na farko, ku tambayi ƙafarku. Feda laushi ta yi tana nutsewa, ko tauri ta yi motar kuma ta ƙi tsayawa? Cuta biyu ce, magani biyu. In laushi ne, yawanci iska ce. Ku leƙa nifil ɗin kalifa, wato ɗan notin da ake fitar da iska ta cikinsa: dole ya kasance a sama. In an kai ta hagu dama, ta dama hagu, nifil ya koma ƙasa, ita kuwa iska sama take taruwa. Ko kwana za ku yi kuna "taka, riƙe, saki", yaron da ke taka muku ne kawai zai rame. (Dariya.) Masta ma, wato famfon da feda ke dannawa ya tura man birki, a cire mata iska tun tana kan benci, kafin a ɗaura.

Na biyu, in tauri ne, a duba masta. Nan nake so ku ba ni hankalinku, don wallahi nan ake halaka aiki. Faifai birki ne na gaske, da shi Jaguar ta ci tseren Le Mans a 1953. Amma diram yana da wata baiwa: juyawarsa tana jan layinin, wato abin da ke gugar cikin diram, ta ƙara manna shi, wato yana taimakon kansa. Faifai ba shi da wannan. Abin da ka ba shi, shi zai ba ka, kuma yana son matsin man birki wajen psi 1,000 kafin ya kama sosai, psi kuwa ma'aunin matsi ne.

To mutane sai su ce a sa babbar masta don a sami ƙarfi. A'a! Babbar masta mai da yawa take turawa, matsinta kuwa kaɗan ne. Ku ɗauki sirinji ƙarami da babba, ku toshe bakinsu ku danna, za ku ji wanne ne yatsa ya fi iko da shi. Bari mu yi lissafi, ku rubuta. Ka taka feda da nauyin kilo 45, fam 100 ke nan. Feda tana ninka ƙarfin sau 6, ya zama fam 600 a kan fistin. In faɗin ramin masta inci 7/8 ne, za ka sami kusan psi 1,000. In inci 1 1/8 ne, da ƙafar nan taka, da fedar nan, kusan 600 kawai. Kun gani? Ƙafa ɗaya, mota ɗaya, an zubar da kusan kashi 40 cikin ɗari. Na sake faɗa: babbar masta ba ta ƙara ƙarfi. Waccan mai inci 1 1/8 don motar da ke da sabo aka yi ta, wato na'urar da ke amfani da zuƙar injin ta ƙara wa ƙafa ƙarfi. In babu sabo, ku tsaya tsakanin 7/8 da inci 1. Kada kuma a yi ƙanƙanta da yawa, don fistin kalifa yana shan mai, feda za ta kai ƙasa kafin birki ya kama.

Kuma ninkin nan na feda da na ambata, ku duba hannunta. Motoci da yawa na wancan zamani huda biyu gare su. Ta sama ta marar sabo ce, wajen ninki 6. Ta ƙasa ta mai sabo ce, wajen 4. Ka haɗa hudar ƙasa da babbar masta babu sabo, psi 400 ka tashi da shi. Ran mutane fa ke cikin motar nan, jama'a.

Na huɗu... na uku ne? To, sabo dai. Yana son zuƙar injin wajen inci 18 a agogon auna zuƙa, injin da aka sa wa babban kamshaf kuwa ba ya kaiwa. Gwajin ba wuya: kashe mota, taka sau da yawa, riƙe, tayar. Feda ta ɗan sauka, sabo na aiki. Saura da sauri: a matso da layinin baya, a canza tsohon tiyo da ya kumbura, a bar sabon fad, wato abin da ke gugar faifai, ya zauna da shi, kada a gauraya man birki nau'in DOT 5 da DOT 3 ko 4.

Na'am, Malam, ɗaga murya.

Yana cewa tasa tana ci, amma in an ɗan yi tafiya sai birki ya riƙe, taya ta yi zafi. Yawwa! Mastar diram ɗin ka bari, ko? Akwai ɗan bawul a bakinta da ke ajiye psi 10 a layin mai. Diram na son sa, don sifirin ɗinsa na da ƙarfi, faifai kuwa sai ya yi ta gugar fad. A cire shi daga layin gaba. Sai in masta a ƙarƙashin dandamalin mota take, ƙasa da kalifa, to a sa mai psi 2. In ba shi ba ne, sandar sabo ta yi tsawo, ta hana mai komawa. Lokacin da ya riƙe, sassauta notin nan biyu da suka ɗaure masta da sabo, ka juya taya. In ta saki, rage sandar har a bar tazarar rabin milimita.