Darasi: Yadda Ake Shirya Furotin gp120 na HIV a Kwamfuta Domin Gwajin Magani

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa ɗalibai da masu bincike, barkanmu da sake haɗuwa. Darasinmu na yau a kan furotin ɗin da ke saman ƙwayar cutar HIV ne, da yadda ake shirya shi a kwamfuta kafin a gwada ko wani sinadari zai iya zama cikin gurbinsa ya hana ƙwayar shiga ƙwayoyin jikin ɗan Adam. Na ɗauka kowa ya riga ya ɗora ChimeraX, manhajar duba siffar furotin, da AutoDock Vina, manhajar gwada zaman sinadari a gurbin furotin, a kwamfutarsa, don haka ba zan tsaya a kan wannan ba.

A taƙaice, ƙwayar tana ƙera furotin guda mai suna gp160, sannan a yanka shi gida biyu, gp120 a waje da gp41 wanda ya kafu cikin fatar ƙwayar. Uku-uku suke haɗuwa kamar duwatsun murhu, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. gp120 ne yake kama wani furotin mai suna CD4 a jikin ƙwayoyin garkuwa, daga nan ya kama wani na biyu, CCR5 ko CXCR4, sai gp41 ya haɗe fatar ƙwayar cutar da ta ƙwayar garkuwa. Maganin enfuvirtide na shekarar 2003 gp41 yake tarewa, amma mu yau gp120 muka sa a gaba.

Abu mafi muhimmanci a duk wannan aiki shi ne zaɓen siffar da za a fara da ita, kuma a nan ne mutane da yawa suke ɓata aikinsu tun kafin su soma. Idan kuka shiga rumbun PDB, inda ake ajiye siffofin furotin a intanet, za ku ga 1GC1, wato siffar da Peter Kwong da abokan aikinsa suka fitar a 1998. Aiki ne mai daraja ƙwarai, domin shi ya nuna mana yadda Phe43 na CD4 (haruffan sunan amino asid ne, wato tubalin da ake gina furotin da shi, lambar kuma matsayinsa a jeri) yake shiga wani rami a jikin gp120, da yadda Arg59 na CD4 yake riƙe Asp368 na gp120. Sai dai wannan siffa ta furotin ne bayan ya riga ya kama CD4 ya buɗe, kuma an datse masa sassa da dama kafin a samu hotonsa. Maganin da muke koyi da shi yau, temsavir, yana kama furotin ne tun yana rufe, ya hana shi buɗewa. Saboda haka wanda ya gwada temsavir a kan 1GC1 yana neman gurbi ne a wurin da babu shi, kuma duk da haka Vina za ta ba shi lamba, domin manhaja ba ta san an ba ta siffar da ba ta dace ba.

Don haka ina rubuta open 5u7o a layin umarni na ChimeraX. Wannan siffa ta fito a 2017, kuma ta ƙunshi BG505 SOSIP.664, wato gp120 da gp41 da aka haɗa a ɗakin gwaji, tare da temsavir a zaune cikin gurbinsa. Asalin BG505 daga wani jariri ne a ƙasar Kenya, ƙwayar HIV nau'in A, kuma an yi masa gyare-gyare domin ya tsaya a rufe: an ɗaure gp120 da gp41 da gadar salfa tsakanin matsayi na 501 da 605, an kuma sa amino asid ɗin prolin a matsayi na 559. Ku riƙe wannan a ranku, domin ba ainihin furotin ɗin da ke yawo a jinin mai cutar ba ne ɗari bisa ɗari.

Kun ga ƙafa ɗaya kawai daga cikin ukun nan ta bayyana a allo. Ina rubuta sym #1 assembly 1, ga su nan ukun sun fito. Yanzu zan cire ƙwayoyin rigakafin nan biyu, PGT122 da 35O22, waɗanda aka sa domin a samu lu'ulu'un furotin da ake ɗaukar hoton siffar da shi ya haɗu. Ina zaɓar sarƙar B in goge... a'a, ku dakata, B ita ce gp41, ita za mu bari tare da G wadda ita ce gp120. Sauran sarƙoƙin ne za su tafi. Game da sarƙoƙin sukari da ke liƙe a jikin furotin, waɗanda nauyinsu ya kai kusan rabin nauyin gp120, ni na fi son in cire na nesa in bar waɗanda suke kusa da bakin gurbin, ko da yake wasu suna share su duka a wannan mataki. Idan za ku wuce zuwa manhajar GROMACS ku ga yadda furotin yake motsi, to dole ne ku mayar da su ta hanyar shafin CHARMM-GUI na intanet, domin furotin da aka tuɓe wa sukarinsa ba ya motsi kamar na gaskiya.

Yanzu mun zo wurin da nake roƙon ku natsu sosai, wato lambobin amino asid. Duk masu binciken HIV suna ƙirga matsayi ne bisa tsarin HXB2, wani nau'i da aka amince a riƙa auna saura da shi. Tun da gp120 yana bambanta a tsawo daga ƙwaya zuwa ƙwaya, musamman a madaukan V1 da V2 da V4, idan wani nau'i yana da ƙarin amino asid, ba a canza lambar na gaba, sai dai a liƙa masa harafi, kamar 321A. Matsalar ita ce wasu manhajojin da ke sauya fayil zuwa PDBQT, wato irin fayil ɗin da Vina take karantawa, ko masu cike sassan da suka ɓace, suna zubar da waɗannan haruffa ko su sake ƙirga komai daga ɗaya ba tare da sun sanar da ku ba. Daga nan sai mutum ya danna 375 yana zaton Ser375 ne, alhali wani amino asid daban ya kama. Hanyar da nake bi mai sauƙi ce: bayan kowane sauyi ina duba wurare uku, Asp368 da Ser375 da Trp427. Idan sunayen ukun nan sun dace da lambobinsu, in ci gaba. Idan ɗaya ya goce, in koma baya. Ku yi wannan duk lokacin da fayil ya fita daga wata manhaja ya shiga wata, ko da kun gaji.

Ga dalilin da ya sa 375 yake da wannan nauyi. Temsavir yana zaune ne a ƙarƙashin madaukin beta 20 da beta 21, yana jingine da Trp112 da Trp427, kuma Ser375 yana gefen gurbin. Bari in rubuta swapaa, umarnin musanya amino asid, in mayar da Ser375 histidin, ku kalli allo. Kun ga yadda zoben histidin ya cika wurin da maganin yake buƙata. Wannan ba wasan kwamfuta ba ne kawai, domin nau'in HIV mai suna CRF01_AE da ya yawaita a Tailan da maƙwabtanta yana da histidin a wannan matsayi tun asali, shi ya sa fostemsavir, wanda Amurka ta amince da shi a 2020 kuma jiki yake mayar da shi temsavir, ba ya aiki yadda ya kamata a kansa. Sauran wuraren da ake lura da su sun haɗa da 426 da 434 da 475. A Najeriya nau'in G da CRF02_AG ne suka fi yawa, har ma ƙwayar da ake kafa misali da ita a CRF02_AG, wato IbNG, daga Ibadan aka samo ta. Shawarata ga ɗalibanmu ita ce ku sauko da jerin waɗannan nau'o'i daga rumbun bayanan HIV na Los Alamos, ku gina siffarsu da shafin SWISS-MODEL bisa wannan siffa rufaffiya, ku duba abin da ke waɗannan matsayi huɗu. 

Na mayar da serin wurinsa a matsayi na 375. Ƙara haidurojin da sauya fayil kun san su, na wuce. Akwatin bincike, wato yankin da Vina za ta nemi gurbi a cikinsa, ina ɗora shi a tsakiyar temsavir, kusan angistrom 22 (ma'aunin tsawo a tsakanin atom) kowane gefe, sannan zurfin bincike da Vina take farawa da shi 8 ne, ni kuwa ina ɗaga shi zuwa 32 saboda temsavir dogon sinadari ne mai gaɓoɓin da ke juyawa.

Kafin ku gwada wani sabon sinadari, ku ciro temsavir ɗin kansa ku sa Vina ta mayar da shi. Idan tazarar da ke tsakanin zaman da ta ba shi da zamansa na asali ba ta kai angistrom 2 ba, shirinku ya yi kyau. Lambar makamashin da Vina take bayarwa kuwa, wadda ke nuna ƙarfin riƙon sinadarin, tana iya kuskure da kilokalori 2 zuwa 3 a kowane mol, don haka bambancin 0.3 tsakanin sinadarai biyu ba hujja ba ce, kuma kada wanda ya gwada sinadarin wani ganye ya samu lamba mai kyau ya fita yana cewa ya gano maganin ƙanjamau, domin akwai marasa lafiya da za su ji su ajiye magungunansu. Sai an gwada a ɗakin gwaji a kan ƙwayar kanta.

Ku adana wannan fayil da sunan da ke nuna cewa siffa rufaffiya ce mai lambobin HXB2, domin da shi za mu buɗe CHARMM-GUI a darasi na gaba mu mayar da sarƙoƙin sukarin. Wassalamu alaikum.