Laccar buga zanen sararin samaniya da kwamfuta, yadda aka kwafo ta daga rikodin

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Ɗalibai kullum tambayarku ɗaya, wai Malam in kwamfuta ce ta yi zanen to ina fasahar take? Ku dubi hoton nan na jikin allo. Na'urar hangen nesa ta James Webb ce ta ɗauko shi, wadda aka harba a Disambar 2021, hotunanta na farko suka fito a Yulin 2022. Wannan ja da ruwan ɗorawa da ke burge ku ba haka ta gan su ba fa, hasken infared take kamawa wanda idon ɗan Adam ba ya gani, mutane ne suka zauna gaban kwamfuta suka raba wa hasken kaloli. Tunda su ma zaɓa suka yi, kai me zai hana ka zaɓi shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata?

Aikin kuwa kusan irin na masu buga rigunan kamfen ne a Sabon Gari. Ka rarraba kalolin a kwamfuta, kowace kala da fim ɗinta, wato ledar da ake buga zanen a kai, ka shafa wa sikirin, wato kyallen raga mai ƙananan ramuka, sinadarin da haske ke daskarar da shi, ya bushe a duhu, ka ɗora fim ka haska, inda haske bai taɓa ba ruwa ya wanke shi ya buɗe, sannan ka ja fenti da roba kan takarda, kala bayan kala. Anan ake gane gwani, don ɗigon taurari ƙanana ne ƙwarai, da hunturu kafin ka juya fentin ya bushe ya toshe ramukan, rabin taurarinka sun ɓace. Kwamfuta ba ta gyara maka wannan. In ka buga kwafi 20 sai ka tsaya, ka sa hannu da fensir, ka ba kowanne lamba, 1/20, 2/20 har ƙarshe.

Kuskure ma yana da amfani: Bruce Onobrakpeya, mai zane ɗan Najeriya da ya yi karatu a Zariya, dabararsa ta buga zane mai suna plastograf daga kuskuren asid ta fito a 1967, bai jefar da farantin buga zanen da asid ya ɓata ba.

Abin da ba na so shi ne a sauko da hoton NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, a canza masa kala a ce an yi zane, haba. Muna da Zara matar wata, muna da Gamzaki, ga Kaza da 'ya'yanta, kakanninku sun san su sarai. Aikin mako mai zuwa kenan, kowa ya zaɓi ɗaya, kala uku kacal, takarda kuma ku zo da taku.